Kafin A Yanke Kintinkiri: Yadda Ya Kamata A Tsara Layin Intanet Da Cibiyar Adana Bayanai A Jami'o'inmu

Duk ma'aikacin da ya taɓa rakiyar minista ko babban sakatare zuwa bikin buɗe sabon aiki a wata jami'ar tarayya ya san yadda ranar take kasancewa. Ana yanke kintinkiri, a shiga da manyan baƙi wani ɗaki mai sanyi ƙalau, a nuna musu akwatunan ƙarfe a jere, ƙananan fitilu suna ta ƙyaftawa a jikinsu. Sai a yi tafi, a ɗauki hoto, a sa hannu a kundin baƙi, ayarin motoci ya kama hanyar Abuja. Ba kasafai ake gayyatar kowa ya ga halin da ɗakin ke shiga bayan shekara biyu ba, lokacin da batura suka gaji, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ta tsaya, wa'adin lasisin manhaja ya ƙare, injiniyan da ya san kan aikin kuma ya koma wani banki a Legas.

A wannan lokacin ne ɗalibai ke yini a bakin shagunan intanet suna ƙoƙarin yin rajistar kwasa-kwasai, malami ya koma hawa layin wayarsa da kuɗin aljihunsa don ya aika takardar bincike, wanda ya gama karatu kuma ya shafe watanni yana jiran takardar sakamakonsa har gurbin da ya samu a wata ƙasa ya kuɓuce. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi iyayen waɗannan ɗalibai ne ko yayyensu. Kuma ta kan teburinsu ne takardun irin waɗannan ayyuka ke wucewa: takardar neman amincewa, daftarin kasafin kuɗi, rahoton tantance 'yan kwangila, jawabin da maigida zai karanta. Mafi yawan abin da ke kashe aikin sadarwa a jami'a an riga an yanke shi a kan waɗannan takardu tun kafin a tona rami na farko.

Inda Aka Fito

A farkon shekarun 2000, jami'ar da ke da intanet a Najeriya galibi ta tauraron ɗan Adam take samunsa, da faranti a saman wani gini da kuɗin haya mai tsada da ake biya da dala. Gidauniyoyin waje sun taimaka a wancan zamani. Gidauniyar MacArthur ta Amurka, alal misali, ta tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano da jami'o'in Ibadan da Fatakwal. Al'amura sun fara sauyawa a 2010, da igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki, sannan WACS ta biyo baya a 2012. Farashi ya sauka ƙwarai a Legas, inda igiyoyin suka fito daga teku, amma bai sauka haka ba a cikin ƙasa, domin kai layin daga Legas zuwa Sakkwato ko Yola wani kuɗi ne na daban.

A 2014 aka ƙaddamar da NgREN, wato layin sadarwa na bincike da ilimi na ƙasa, wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da kwamitin shugabannin jami'o'i suka kafa da tallafin Bankin Duniya. Kashin farko ya haɗa jami'o'in tarayya 27. Sai dai layin da ya isa ƙofar jami'a bai amfani ɗalibin da ke ɗakin karatu ba matuƙar babu hanyar da za ta ɗauke shi daga ƙofar zuwa inda yake zaune. Rufe makarantu da aka yi a Maris na 2020 saboda annobar korona ya fito da wannan giɓi fili. An umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet, amma ga yajin aikin ASUU da ya ɗauki wata tara a shekarar, ga kuma rashin kayan aikin da za su ɗauki nauyin dubban ɗalibai a lokaci guda.

Tun daga nan kuɗin da ake warewa wannan fanni ya ƙaru, musamman ta hannun asusun TETFund, wanda harajin ilimin da ake tara masa a lokacin daga ribar kamfanoni ya tashi daga kashi 2.5 cikin 100 zuwa kashi 3 a 2023. Tambayar da ta rage ita ce ta wane tsari ake kashe kuɗin.

A Fara Da Ƙidaya

Kuskuren farko shi ne fara aikin da jerin na'urorin da za a saya. Tsari mai inganci yana farawa ne da ƙidaya. Gine-gine nawa ne a harabar jami'ar, kuma mene ne nisan da ke tsakaninsu? Mutum nawa ke shiga kowane gini a sa'ar da ta fi cunkoso? Ina babban taswirar raya jami'ar ta nuna za a gina sabbin tsangayoyi da ɗakunan kwanan ɗalibai nan da shekara goma? Wane layi ne aka riga aka binne a baya, kuma wa ke riƙe da zanensa?

A ɗauki misali don a ga nauyin lissafin. Jami'a ce mai ɗalibai 30,000. Idan kashi ɗaya cikin uku kawai suka hau intanet a lokaci guda, aka ba kowa megabit 1 a daƙiƙa, wanda da ƙyar zai isa kallon darasi ta bidiyo, buƙatar ta kai gigabit 10. Wannan ba a haɗa da malamai da ma'aikatan ofis da ɗakunan jarrabawar kwamfuta ba, kuma ba a lissafa cewa ɗalibi ɗaya na iya riƙe waya da kwamfuta a tare ba. Jami'ar da ta sayi gigabit 1 ta raba wa wannan jama'a ta riga ta shirya wa kanta ƙorafi.

Ƙidayar tana kuma nuna inda buƙata ta fi yawa, kuma sau da yawa ba inda manya ke zaune ba ne. An saba fara ja layi zuwa ginin hukumar gudanarwa da gidan shugaban jami'a, a bar ɗakunan kwana da manyan zaurukan lacca zuwa kashi na biyu, wanda mai yiwuwa kuɗinsa ba zai taɓa fitowa ba. Alhali ɗalibi ya fi yin karatunsa da daddare a ɗakin kwana. Zauren da ke ɗaukar mutum 500 kuwa na'urar Wi-Fi ɗaya ba za ta riƙe shi ba komai ƙarfinta, domin abin da ake aunawa a irin wannan wuri shi ne yawan wayoyin da za su hau a lokaci guda. Haka nan gine-ginen da aka yi a shekarun 1960 da 1970 da katangun kankare masu kauri suna shanye siginar, don haka dole a zagaya kowane gini da na'urar awo kafin a ce ga adadin da za a saya.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Ɓangaren da ya fi kowane daɗewa a aikin shi ne wanda baƙi ba sa gani. Na'urorin rarraba layi akan sauya su bayan shekara biyar zuwa bakwai, amma igiyar fiba da aka binne da kyau na iya wuce shekara ashirin tana aiki. Saboda haka nan ne ya fi cancanta a kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba.

Wayar tagulla da ake jona kwamfutoci da ita a cikin ofis ba ta wuce mita 100, bayan haka saƙo ya fara lalacewa. Tana kuma jan tsawa daga gini zuwa gini a lokacin damina, ga ta abin sha'awar ɓarayi. Igiyar fiba kuwa zaren gilashi ce da haske ke bi ta cikinta. Nau'in da ake amfani da shi tsakanin gine-gine na iya ɗaukar gigabit 10 zuwa nisan kilomita 10 da kayan da ake samu a kasuwa, kuma ba ta ɗaukar wutar lantarki. Ƙa'idar ita ce fiba tsakanin gine-gine, tagulla a cikin gini.

Yadda aka shimfiɗa ta ma yana da muhimmanci. Idan aka ja layi ɗaya daga cibiya ya bi tsangayoyi ɗaya bayan ɗaya, ranar da katafila mai aikin kwalbati ta tsinke shi duk waɗanda ke gaba sun yanke. Idan kuwa aka yi shi zobe, ya tashi daga cibiya ya zagaya harabar ya dawo ta wata hanya, to yankewa a wuri ɗaya ba ta tsayar da aiki, saƙo sai ya juya ta ɗaya ɓangaren. Amma zoben da rassansa biyu suka bi rami ɗaya zobe ne a kan takarda kawai.

Tonon rami da binne bututu sun fi igiyar kanta tsada. Don haka mai hangen nesa kan sa bututu fiye da buƙatar yau, ya bar wasu babu komai a ciki, ya kuma sayi igiya mai zaruruwa da yawa ko da kaɗan zai kunna yanzu. A sa ramukan dubawa masu murfi da makulli, a kafa alamomi a saman ƙasa, a zaɓi igiya mai sulke inda ɓeraye da gara suka yi yawa. Abu mafi muhimmanci shi ne a karɓi zanen inda layin ya bi a zahiri daga hannun ɗan kwangila kafin a biya shi kuɗin ƙarshe, a ba sashen ayyuka na jami'ar kwafi. Mafi yawan lokuta wanda ke tsinke layin jami'a wani ɗan kwangilar jami'ar ne da ba a gaya masa abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba.

Jami'o'i masu harabobi biyu suna da ƙarin aiki. Tsakanin Samaru da Kongo a Zariya, ko tsakanin tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da sabo, ko tsakanin Gwagwalada da babban mazaunin Jami'ar Abuja da ke hanyar filin jirgi, layi zai bi titin gwamnati, kuma sai an nemi izinin tono. An daɗe da amincewa da naira 145 a kan kowace mita a matakin ƙasa, amma kowace jiha da yadda take aiwatarwa. Wannan magana ce da wasiƙa ɗaya daga ofishin da ya dace za ta iya warwarewa idan an tuna da ita da wuri.

Wuta Da Sanyi

Cibiyar adana bayanai ita ce ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da bayanan ma'aikata da kundin laburare. A ƙasar nan, wanda zai tsara irin wannan ɗaki injiniyan lantarki yake fara buƙata kafin masanin kwamfuta.

Duk wutar da na'urorin suka sha zafi take komawa, kuma sai an sake kashe wata wutar kafin a fitar da zafin. Ƙungiyar injiniyoyin ASHRAE ta Amurka, wadda ake bin ma'auninta a wannan fanni, tana ba da shawarar iskar da ke shiga na'urorin ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyas. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska, ga tsawar damina da ke buƙatar a binne wayar kariya a ƙasa yadda ya kamata. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta gida ba a ƙera ta don ta yi aiki dare da rana shekara da shekaru ba. Kuma ko wace iri aka saya, dole a samu guda ɗaya ta rara, wadda za ta karɓi aiki idan wata ta tsaya. Zafi yana kuma cin batura: baturan dalma da aka saba sa wa na'urar riƙe wuta ta UPS kan rasa kusan rabin kwanansu idan ɗakin ya zarce digiri 25 da kamar digiri goma.

Ga lissafin da ya kamata ya kasance a shafin farko na kowace takardar neman amincewa. A ce na'urorin cibiyar suna shan kilowat 50, sanyaya ɗaki da asarar da ake yi a hanya kuma suna shan wani 50. Kilowat 100 ke nan, dare da rana, wato yunit 72,000 a wata. Kafin Afrilun 2024, lokacin da masu rukunin A ke biyan kimanin naira 68 a kan yunit, kuɗin bai kai naira miliyan 5 ba. Da hukumar NERC ta mayar da shi naira 225 a wannan wata, ya zarce miliyan 16. An ɗan rage farashin daga baya, amma bai koma kusa da inda yake ba. Wannan kuwa a ranakun da akwai wuta ke nan. Sauran sa'o'in na man dizal ne, wanda ya fi tsada.

A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Cibiyar da aka tsara da janareta ɗaya da tankin kwana biyu ba za ta tsallake irin wannan mako ba. Shi ya sa ake so a haɗa tsarin cibiyar da tsarin wutar jami'ar baki ɗaya. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta kafa tashoshin sola a wasu jami'o'in tarayya, ciki har da mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a Satumban 2019. Inda ake da irin wannan tasha, ya dace cibiyar bayanai ta samu layinta na musamman daga gare ta. Kada kuma a manta da ƙananan akwatunan rarraba layi da ke kowace tsangaya. Idan cibiya na da wuta amma akwatin da ke tsangayar kimiyya ya mutu, a wurin ɗalibin da ke can babu intanet.

A Gina Ko A Yi Haya?

Ba kowace jami'a ce ke buƙatar katafariyar cibiya ba, kuma wannan tambaya ce da ba a cika son yi ba saboda gini shi ne abin nunawa. Cibiyar Uptime ta Amurka ta kasa irin waɗannan wurare mataki huɗu. Mataki na uku, wanda ake yawan ambata a takardun kwangila, yana nufin za a iya kashe kowane sashe na wuta ko sanyi a yi masa gyara ba tare da na'urori sun tsaya ba. Kaiwa ga wannan na buƙatar rara a kusan komai, kuma hujjarsa ita ce takardar shaida daga masu tantancewa. Rubuta sunan matakin a jikin allo bai wadatar ba.

Akwai wuraren da suka riga suka kashe wannan kuɗi. Kamfanin Galaxy Backbone na Gwamnatin Tarayya yana da cibiyoyi a Abuja da Kano, akwai kuma na 'yan kasuwa, mafi yawansu a Legas. Jami'a na iya kai na'urorinta can ta yi hayar wuri, ko ta yi hayar ma'ajiya kai-tsaye ta intanet. Sai dai hayar da ake biya da dala tana da nata haɗari. Dalar da ke kusan naira 460 a kasuwar hukuma kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma duk wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku ya ji a jikinsa.

Matsakaiciyar hanya ita ce ta fi dacewa da yawancin jami'o'i. A riƙe ƙaramar cibiya mai inganci a harabar don abubuwan da dole su ci gaba ko da layin waje ya yanke, kamar jarrabawar kwamfuta da tantance masu shiga layi da kundin laburare. Shafin rajista kuwa, wanda ke shan cunkoso na 'yan makonni a shekara sannan ya lafa, ya fi dacewa da wurin da za a iya ƙara masa ƙarfi a rage gwargwadon buƙata.

Hanyar Fita

Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, daura da Kwaddibuwa. Bankuna da ofisoshi a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu sun shiga wahala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Darasin da ke ciki ga jami'a shi ne kada ta dogara da hanyar fita ɗaya. Tana buƙatar kamfanoni biyu, kuma a tabbatar layukansu sun shigo harabar ta ƙofofi daban-daban, domin ya kan faru kamfanoni biyu su kasance suna haya a kan igiya ɗaya.

Haka kuma ba kowane saƙo ne ya kamata ya tsallaka teku ba. Mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, tana ba layukan cikin gida damar musayar saƙo kai-tsaye, kuma tana da rassa a Legas da Abuja da Kano da wasu birane. Ta hanyar NgREN kuwa jami'o'i na iya sayen layi a dunƙule da farashi mai sauƙi, su haɗu da takwarorinsu na yankin ta ƙungiyar WACREN da ke Accra, su kuma shiga tsarin eduroam, wanda ke ba malami ko ɗalibi damar hawa Wi-Fi na wata jami'a da sunan shigarsa na gida. Jami'ar da ta tsara layinta ba tare da tanadin waɗannan ba za ta sake kashe kuɗi daga baya.

Bayanan Ɗalibai Amana Ne

Sakamakon jarrabawa dukiya ce da ba a sayo wata idan ta ɓace. Ƙa'idar da masana suka daɗe da bi ita ce a riƙe kwafi uku na kowane muhimmin bayani, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Ambaliyar da ta mamaye sassa da dama na Maiduguri a Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nuna cewa kwafin da ke ginin da ke maƙwabtaka bai isa ba. Ta kuma tunatar da cewa ba a kafa cibiyar bayanai a kwari ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kuwa ba a san ko yana aiki ba sai ranar da aka buƙace shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Dole a raba layin gida-gida. Wanda ɗalibai ke hawa a ɗakin kwana bai kamata ya iya kaiwa ga kwamfutar ma'ajin jami'a ko ta ofishin jarrabawa ba. Kowane mai shiga ya kasance da sunansa da kalmar sirrinsa, ta yadda idan aka sauya maki za a san wanda ya sauya da lokacin da ya yi. Wannan yanzu har da doka a kansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'a 72 idan aka samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Jami'o'i na cikin waɗanda dokar ta shafa.

Kuɗin Saye Da Kuɗin Riƙo

Nan ne gizo ke saƙa. Tsarin kasafin kuɗinmu ya fi sauƙin fitar da miliyoyi don sabon aiki a kan fitar da dubbai don kula da tsoho. Asusun tallafi zai gina ya sayi kaya, amma kuɗin wuta da dizal da sabunta lasisi da sauya batura suna komawa kan ɗan abin da jami'a ke samu na gudanarwa, wanda ɗakunan gwaje-gwaje da asibiti da ruwan sha ke jira su ma. Takardar da ta nuna farashin saye kawai ta ɓoye rabin gaskiya. Abin da ya dace a gabatar shi ne jimillar kuɗin aikin na shekara biyar, da sunan asusun da zai biya kowane kaso.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba ta ce a ba wanda ya fi kowa araha ba. Cewa ta yi a ba mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan tantancewa. Ke nan ƙarfin aikin yana cikin sharuɗɗan da aka rubuta. Idan ba a nemi garantin masana'anta na shekara uku zuwa biyar ba, da kayan gyara na ajiya, da takardar gwajin kowane zaren fiba, da shaidar cewa na'urorin ba waɗanda aka daina ƙerawa ba ne, to ɗan kwangila ba zai kawo su don Allah ba. Araha ba ta ado. Akwai kuma tantancewar da hukumar NITDA ke yi wa ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya, wadda ya kamata a ɗauke ta a matsayin damar gyara tsari tun da wuri, maimakon hatimin da ake nema a makon ƙarshe.

Sai maganar mutane. Injiniyan da ya ƙware a wannan aiki yana da kasuwa a bankuna da kamfanonin waya da ƙasashen waje, kuma albashin jami'a ba zai yi gogayya da su ba. Abin da za a iya yi shi ne kada a bar ilimin aikin a kan mutum ɗaya. A horar da mutum uku ko huɗu, su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗan kwangila tun daga ranar farko, a rubuta komai, kalmomin sirri na manyan na'urori su kasance a hannun jami'a. A kuma jawo ɗaliban kimiyyar kwamfuta da injiniya su riƙa taimakawa a ƙarƙashin kulawa. Jami'a ce kaɗai ma'aikatar da ke da irin waɗannan hannaye a cikin gidanta.

Abin Da Mai Duba Takarda Zai Tambaya

Ba sai mutum ya karanta injiniya ba kafin ya gane takardar da aka yi wa aiki da wadda aka haɗa cikin gaggawa. Idan fayil ɗin aikin sadarwar wata jami'a ya iso teburinka, nemi rahoton ƙidaya da taswira tukuna. Duba ko ɗakunan kwana da zaurukan lacca suna cikin kashin farko. Tambayi nawa wuta da sanyi za su ci a wata, da wanda ya amince zai biya. Tambayi abin da zai faru idan layi ya yanke a wuri ɗaya, ko wuta ta ɗauke na mako guda, ko cibiyar ta kama da gobara. Tambayi sunayen muƙaman da za su riƙe aikin bayan ɗan kwangila ya tafi. Idan kuɗin ba zai isa komai ba, shawarar da ta fi ita ce a fara da bututu da fiba da wuta, a jinkirta na'urori, domin na'ura tana ƙara araha da ƙarfi kowace shekara, rami kuwa ƙara tsada yake yi.

Gwamnatin Tarayya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fiba a faɗin ƙasa. Idan shirin ya tabbata, layi mai ƙarfi zai iso ƙofar jami'o'i da dama da ba su taɓa samunsa ba. Ko zai wuce ƙofar ya kai ga ɗalibar da ke zaune a ɗakin kwana da ƙarfe goma na dare tana neman littafin da babu shi a laburare, wannan ya rataya ne a kan tambayoyin da aka yi, ko aka ƙi yi, a lokacin da fayil ɗin ke kan tebur.